Kati Sai Ya Kwana Bakwai

Alhamis, 6:40 na safe

Ma'aikaciyar jinya ce ta ba ni wannan littafin, wai in riƙa rubuta lokacin da Baba ya sha magani da abin da ya ci. Na ware mata shafukan baya. Na gaba nawa ne.

Yau kwana biyu. Ɗaki na huɗu, gadon da ke jikin taga. Jiya da la'asar Baba ya buɗe ido, ya dubi Yaya, ya dube ni, ya ce, "To." Yaya ta fashe da kukan murna. Likita ya zo ya tambaye shi sunansa, ya ce, "To." Ya tambaye shi ko akwai inda yake masa ciwo, ya ce, "To." Daga nan Yaya ta share hawaye ta zauna.

Mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu yana koyar da adabi, wanda in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya fara maka daga tarihin agogo, yau kalma ɗaya ta rage masa. Hannun dama ba ya motsi. Ba zan rubuta sunan ciwon ba. Yaya tana faɗarsa a waya sau ashirin a wuni, ya isa.

Alhamis, 5:10 na yamma

Kayan da aka cire masa ranar Talata suna cikin wata shuɗiyar leda. Na kai gida, na ɗora a kan kabad ɗin ɗakina. Ban buɗe ba.

Juma'a, 11:30 na safe

Na tare likita a bakin ƙofa, na ce ya gaya mini gaskiya, maganar za ta dawo? Ya gyara gilashi ya ce, "Ai kowane maras lafiya da irin tafiyarsa. Sai mun ga abin da hali ya yi."

Ni da na tashi a gidan malamin adabi za a yi wa wannan? Sakaya zance ke nan, a naɗe magana mai ɗaci a ba ka don kada ta ƙona maka baki. Da Baba yana da bakin magana da ya ce in ba shi kati ya rubuta.

Sai na sake tambayarsa ko ɓacin rai yana kawo wannan ciwon. Ya ce jinin Baba ya daɗe yana hawa, ba abin kwana ɗaya ba ne. Na ce na sani, a kantin magani nake aiki, ni nake ƙirga masa ƙwayoyinsa. Amma ɓacin rai fa? Ya dube ni, ya ce in je in karya kumallo.

Lahadi, 2:00 na rana

Na dawo gida ɗaukar masa bargo, na tsaya a ɗakinsa. Komai yana nan yadda ya bar shi. Kofin shayi, gilashin karatu, alƙalamin tawada babu murfi, har bakinsa ya bushe. Akwatin katuna yana tsakiyar tebur.

Bari in rubuta labarin akwatin nan, ko na samu abin yi da hannuna. Akwatin katako ne, dogo, cike da ƙananan katuna. An raba su gida-gida da kwali mai kauri, kowane kwali da sunansa a sama: Alamtarwa, Baƙar magana, Gatse, Habaici, Kamantawa, Kambamawa, Mutuntarwa, Siffantawa, har zuwa Zambo. A jikin kwalin Baba ya rubuta ma'anar kalmar da bakinsa. Katunan kuma misalai ne. Sauran malamai daga littattafai suke ciro misali, Baba kuwa daga bakin mutanen gidansa. Yana cewa yaron da ya gane uwarsa tana yin habaici a kicin ba zai ji tsoron habaici a jarrabawa ba.

Shi ya sa a gidanmu ba ka magana da sakin jiki. Kana cikin faɗa da 'yar'uwarka sai ka ga ya ɗaga yatsa, ya zaro kati daga aljihun gaba yana rubutu. Mama, Allah ya ji ƙanta, ta ce ta auri mutum ta tarar da ɗan rahoto.

Akwai ƙa'ida ɗaya da bai taɓa karyawa ba. Maganar kawai yake rubutawa, da mai ita, da rana. Ba ya sa mata suna nan take. Kati sai ya kwana bakwai a aljihun rigarsa, in ya sake riga ya mayar da shi sabon aljihu. Ranar bakwai yake zama ya yanke mata hukunci, ya sa ta a gidanta cikin akwati. Ya ce ran da aka faɗi magana kunne yana da zafi, ba ya iya shari'a.

Na ɗauki bargo na fita.

Talata, 7:00 na safe

Yau kwana bakwai.

Talata, 4:45 na yamma

Tun safe Baba yake dafa ƙirji da hannun hagu. Ya dafa, ya dube ni, ya ce, "To." Ya sake dafawa. Hankalin Yaya ya tashi, ta kira likita, aka jawo na'ura aka manna masa wayoyi a ƙirji. Zuciya lafiya lau, in ji su. Yaya ta ce to me yake damunsa? Ma'aikaciyar jinya ta ce wataƙila rigar asibitin ce take masa ƙaiƙayi.

Rigar asibiti ba ta da aljihu. Ni kaɗai na lura da daidai inda yake dafawa, kuma ban ce komai ba.

Laraba, 1:20 na rana

Mai kanti ya ba ni hutun sati uku. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya iya alheri bai haɗa da wa'azi ba.

Baba ya sha rabin kofin shayi da kansa. Ya dafa aljihu sau shida. Na daina ƙirgawa bayan azahar.

Asabar, 6:00 na yamma

An sallame mu. Muka shigo da shi a keken marasa lafiya, ya bi falo da kallo kamar baƙo, sai da muka kai shi ɗakinsa ya ga akwati sannan ya sauke numfashi. Yaya ta ce, "Ka ga kishiyar Mama tana nan tana jiranka." Rabin bakinsa ya yi dariya. Ɗaya rabin bai zo ba tukuna.

Mun raba aiki. Yaya za ta riƙa zuwa da safe bayan ta kai yara makaranta, ta koma gidanta da la'asar. Saura nawa ne, tunda ni ce auta kuma ni nake zaune da shi.

Ledar tana nan a kan kabad.

Litinin, 12:15 na rana

Malamar koyon magana ta zo. Doguwa ce, muryarta a ƙasa, ba ta gaggawa. Ta zuba hotuna a kan tire, na tsuntsaye da na motoci a gauraye, ta ce Baba ya raba su. Ya dube ta irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya zo aji babu littafi, sannan ya raba su tsaf da hannun hagu. Da ya gama ya ture tiren.

Ta ja ni gefe. Ta ce, "Kansa lafiya yake, yana gane abin da ake faɗa. Hanyar fitar maganar ce ta toshe. Amma kada ki dogara da 'to' ɗinsa, ko gyaɗa kai. A irin wannan ciwon i da a'a sukan rikice. Abin da ya yi da hannunsa shi ne abin dogara."

Na ce, "Ke nan in na tambaye shi wani abu ya ce 'to', ba amsa ba ce?"

Ta ce, "Ba lallai ba. Akwai abin da kike son tambayarsa?"

Na ce babu.

Da ta ga akwatin ta tambaya, na yi mata bayani. Ta ce wannan ya fi hotunanta sau goma, in riƙa karanta masa katunan kullum da safe.

Laraba, 10:30 na safe

Mun fara. Ina zaro kati in karanta, shi kuma yana kallon bakina.

Kamantawa. Mama, ran da Baba ya goge rigarsa da kansa: "Wannan rigar kamar an ƙwato ta daga bakin kura."

Siffantawa. Yaya, tana shekara tara: "Auta rediyo ce, babu mai kashe ta." A ƙasa Baba ya ƙara: ba ta ce kamar rediyo ba, ta mai da ita rediyon gaba ɗaya.

Mutuntarwa. Ni, shekara huɗu: "Ƙofa tana kuka, yunwa take ji, a ba ta mai."

Gatse. Mama, ran da ya shigo da littattafai cikin kwali maimakon cefane: "Madalla, ka kyauta. Gobe sai mu dafa su."

Yaya tana shara ta jingine tsintsiya ta zo ta zauna a bakin gado. Muka yi ta dariya, har muryar Mama nake kwaikwayo. Gidan Habaici kusan duk nata ne. Akwai wanda ta yi wa kyanwa magana alhali Baba yana zaune: "Wasu dai sun san hanyar kantin littattafai, ta kasuwa ce ta ɓace musu." Baba ya yi dariya har ya ƙware, muka ba shi ruwa. Da na duba hawaye yake yi, ta ido ɗaya. Shekara shida da rasuwarta, ashe tana nan a akwati tana ta yi masa faɗa.

Alhamis, 3:00 na rana

Yaya ta ce na rame. Na ce zafi ne.

Juma'a, 9:50 na safe

Na buɗe gidan Kambamawa. Ya fi kowane gida kauri, kuma ban san dalili ba sai yau.

Ga abin da ya rubuta a jikin kwalin: "Mai magana ya zarce gaskiya, shi ya sani, mai ji ya sani. Ba ƙarya ba ce. Ƙaramin abu ne ya ɗaga murya don a kula shi. Kada ka tsaya auna maganar, nemi ƙaramin abin."

Sai katuna. Auta, shekara biyar: "Baba, na yi shekara ɗari ina jiranka a bakin ƙofa." A ƙasa: minti goma na makara. Auta, shekara bakwai: "Yunwa ta kashe ni tun ɗazu." A ƙasa: mamaciyar ta cinye burodi biyu. Auta, shekara goma sha biyu: "Duk duniya babu mai rashin sa'a irina." A ƙasa: takalminta ya tsinke. Auta, shekara goma sha bakwai, ran da sakamako ya fito na faɗi adabi: "Shi ke nan, na kashe ka da kunya." A ƙasa: ina nan da raina, ta ci kimiyya da kyau, ba ta ba ni damar in faɗa ba.

Ban san da wannan na ƙarshen ba. Shekara tara ina ɗauka bai yi magana ranar ba ne saboda takaici.

Na ƙirga, arba'in da uku nawa ne. Na ce masa zan duba ruwan zafi, na shiga kicin na tsaya gaban tukunyar da babu komai a ciki.

Asabar, 5:30 na yamma

Baba Lissafi ya zo. Abokin Baba ne tun suna samari, makaranta ɗaya suka koyar, shi lissafi Baba adabi, kuma shekara arba'in ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Ya zauna ya ajiye sanda ya ce, "To, malam, yau dai Allah ya kawo ranar da zan yi magana ba ka katse ni ba." Ya kuwa yi, awa guda cur, a kan cewa biyu da biyu huɗu ne ko an yi musu ado ko ba a yi ba. Baba yana ta cewa "to" da fushi, da raini, da dariya. Ban san kalma ɗaya tana da fuskoki da yawa haka ba.

Da zai tafi na raka shi ƙofa. Ya ce, "'Yata, me ya sa yake dafa aljihu?"

Na ce likita ya duba, babu komai.

Ya ce, "Ban tambayi likita ba. Na san mutumin nan tun ba a haife ki ba. Akwai katin da ya wuce kwanansa." Ya ce, "Ni lissafi na sani. Abin da aka ƙi warwarewa ba ya warware kansa, sai dai ya jira." Ya ɗauki sandarsa ya tafi, yana faɗa da matakala.

Lahadi, 8:00 na safe

To, bari in rubuta, ko rabi ne.

Ranar Talatar na shiga ɗakinsa da safe da takarda a hannu. Makarantar harhaɗa magunguna ta ba ni gurbi, shekara ɗaya, a wani gari. Sati biyu ina shirya yadda zan faɗa masa. Na fara, ina cikin bayani na ce wani abu, wai zamana a kantin nan kamar ruwa ne a randa, ba ya gaba ba ya baya. Sai na ga yatsa ya tashi. Ya zaro kati.

Abin da na saba gani tun ina goye. Amma ranar sai wani abu ya taso mini. Na ce, "Baba, tun da aka haife ni ba ka taɓa saurarona ba, ko sau ɗaya."

Na ƙara wata maganar bayan wannan. Ita ba zan rubuta ba.

Ya tsaya da alƙalami a hannu yana kallona. Sai ya mayar da katin farko, ya zaro sabo. Wannan ya ƙarasa ni. Na buga ƙofa na tafi aiki ban yi masa sallama ba. Ƙarfe sha ɗaya maƙwabciyarmu ta kira ni a waya.

Litinin, 11:40 na safe

Malamar magana ta kawo sabuwar dabara. In zaro tsohon kati, in rufe sunan da ke samansa da babban yatsa, in karanta, in ba shi ya mayar gidansa da kansa. Muka gwada goma sha biyu. Yatsunsa na hagu suna tafiya a kan kwalayen a hankali, kamar mai tsintar shinkafa, su tsaya, ya cusa. Sha biyu, babu kuskure ko ɗaya. Har ya gyara wani da Yaya ta mayar ba daidai ba ran nan, ya harare ta.

Malamar ta yi murna sosai. Ta ce, "Kin gani? Wannan hukuncinsa ne na gaske, ba irin 'to' ba."

Kowa ya yi murna. Ban da ni.

Talata, 2:10 na rana

Yana barci na buɗe gidan Baƙar magana. Kullum ina tsallake shi. A jikin kwalin: "Magana ce da aka wasa don ta yanka, kuma mai ita ya san inda ya nufa."

Katuna uku ne kacal a ciki. Wani direba, wani shugaban makaranta, da wani ƙanin Mama da ba ma zuwa gidansa. Shekara talatin da wani abu, babu ɗan gidan nan ko ɗaya a wurin.

Laraba, 6:15 na yamma

Ina yanke masa farce, kaina a sunkuye, na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "To."

Sai na ce, "Baba, a zuba maka gishiri a shayi?"

Ya ce, "To."

Allah ya yafe mini wannan gwajin. Ya gane abin da na yi, na ga ya gane. Ya janye hannunsa daga nawa, ya dafa aljihu, ya bar hannun a wurin yana kallona har sai da na kau da kai.

Alhamis, 7:30 na safe

Idan ban buɗe ba, bai yanke ba. Idan bai yanke ba, ban shiga gidan nan mai kati uku ba. Haka nake ta gaya wa kaina, kamar yarinyar da ta ɓoye sakamakon jarrabawa a ƙarƙashin katifa.

Asabar, 10:05 na safe

Na dawo daga sayen sabulu na tarar Yaya ta haɗa wanki a tsakar gida, baho cike da kumfa, ga shuɗiyar leda a hannunta tana kwance ƙullin.

Na yar da sabulun na fizge ledar. Ta ce, "Ke lafiyarki? Kayan sati uku da wani abu a ƙulle, ai sun yi wari."

Na ce ni zan wanke.

Ta ce, "Tun yaushe kike cewa za ki wanke?" Ta tsaya tana kallona, hannunta duk kumfa. Yaya ba ta da haƙuri amma ba ta da wauta. Ta ce, "Auta, me kika ce masa?"

Na gaya mata ta farkon. Ta ce, "Wannan ai kullum kina faɗin irinta." Sai na gaya mata ta biyun. Ta zauna a kan bokiti. Sannan ta ce, "Kin yi wauta. Amma ba ke kika kwantar da shi ba, ni ma na tambayi likita ko gajiyar da yarana suke ba shi ce. Kowa da abin da yake tuhumar kansa." Ta share hannu a zani ta jawo ni jikinta, tana ƙamshin sabulu. Ta ce, "Mutumin nan sati uku yana roƙonki abu ɗaya da hannu ɗaya. Ki ji tsoron Allah ki ba shi."

Lahadi, 4:00 na yamma

Na buɗe. Farar riga mai dogon hannu, an yanka hannun dama da almakashi a asibiti. Katuna biyu a aljihu.

Na farko: Auta. "Zamana a kantin nan kamar ruwa ne a randa." Bai ƙarasa ba, inda na katse shi ke nan.

Na biyu: Auta, Talata. "Tun da aka haife ni ba ka taɓa saurarona ba, ko sau ɗaya." Rubutunsa ne mai kyau, a miƙe, da ɗigo a ƙarshe. Saman katin babu komai, inda suna zai zauna.

Na juya bayansa, na duba aljihun wando, na zazzage ledar. Maganar ta biyu babu ita ko'ina. Abin da na ce masa ranar shi ne, "Da Mama tana da rai da ban zo wurinka ba." Ga ta, na rubuta. Ya ji ta, na ga lokacin da ta same shi. Yana da lokaci, yana da tawada, akwai sauran fili a katin. Mutumin da bai taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba, wannan ya bar ta.

Litinin, 9:00 na safe

Na goge masa riga mai aljihu. Ban iya ba yau.

Talata, 11:20 na safe

Bayan ya karya na sa masa rigar, na zura katin a aljihunsa yadda ya saba. Na jawo tebur na ɗora akwati a gabansa, na buɗe murfin. Yaya ta ce za ta duba wani abu a kicin, ta fita ta ja ƙofa.

Ya dafa aljihu. Wannan karon ya ji abu a ciki. Ya rufe ido na ɗan lokaci.

Da ƙyar ya zaro shi da yatsu biyu, ya miƙo mini. Na gane so yake in karanta, kamar sauran. Na karanta. Muryata ba ta yi kama da ta ranar ba, amma kalmomin su ne.

Na ce, "Baba, kwanansa ashirin da takwas. Ni na riƙe shi. Tsoro nake ji."

Ya karɓa. Hannunsa ya sauka a farkon akwati. Alamtarwa. Baƙar magana. Yatsansa ya tsaya a nan, ni kuma numfashina ya tsaya. Ashe kwalin ne ya karkace tun ran da na buɗe shi, ya gyara masa zama, ya dube ni ta saman gilashi, wato ya san na shiga. Ya wuce. Gatse. Habaici. Kamantawa. Ya kai gidan nan mai kauri, ya laluba har bayan katin shekara goma sha bakwai, ya cusa shi a nan. Na arba'in da huɗu.

Sai ya ƙwanƙwasa jikin kwalin da farce, daidai layin ƙarshe, sau biyu, har sai da na karanta a fili. "Kada ka tsaya auna maganar, nemi ƙaramin abin."

Na durƙusa na kifa kaina a gwiwarsa na yi kukan da na tara sati huɗu. Na ce, "Ɗayar fa, Baba? Wadda ba ka rubuta ba?" Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini, babu komai a ciki. Sannan ya ɗora shi a kaina.

Da na natsu na tashi zan ɗauke tebur, ya riƙe gefensa. Ya rufe murfin akwatin da kansa. Ya ɗauki alƙalamin da na ajiye masa, ya miƙo mini, ya nuna aljihun tebur, na saka na rufe. Ya nuna kujera. Na zauna. Ya nuna ƙofar ɗakina, ya zana murabba'i a iska da yatsa.

Na ce, "Takardar?"

Ya ɗora hannu a kan murfin akwati, ya gyara zama, ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya wurina.

Ya ce, "To."

Na je na ɗauko. Na fara masa daga farko, kuma har na gama yatsansa bai tashi ba.